Gilashin gaban Fijo 504: roba, igiya da ruwan sabulu

1/ Zaren yau a kan gilashin gaban mota ne, musamman na tsohuwar Fijo 504 da yayarta 404: daga ina ya samo asali, yaya ake cire shi, yaya ake mayar da shi da igiya kawai, kuma yaya aka yi ƙasar da ta taɓa ƙera gilashin motarta ta koma neman na gwanjo. Ku gyara zama, da ɗan tsawo.

2/ Mu fara daga gida. Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san tsarin: ka wuce Bichi da Tsanyawa, ka shigo jihar Katsina ta wajen Yashe a ƙaramar hukumar Kusada, sai Kankiya, sai Charanci, sai birnin Dikko. A yankin Yashen nan ne kuma hanyar da ta taso daga Funtuwa ta Malumfashi take zuwa ta haɗe.

3/ Mahaɗa ke nan. Duk inda hanya ta haɗu da hanya kuwa akwai tirela, akwai tifa, akwai tsakuwa a gefen kwalta. Tayar babbar mota ta tsinci ƙwaya ɗaya ta harbo maka, sai ka ji ƙas! Shekara da shekaru motar da ta fi shan wannan harbi a hanyar nan ita ce Fijo, don ita ce motar haya, ita ce motar gwamnati, ita ce a-kori-kurar 'yan kasuwa.

4/ Motocin farko a Turai da Amurka ba su da gilashin gaba sam. Direba tabarau yake sawa saboda ƙura. Da aka fara saka gilashi, irin na tagar ɗaki aka saka. To kun san yadda gilashin taga yake fashewa: dogaye-dogaye masu tsini kamar wuƙa. Ƙaramin karo sai ya yanka fuska ko wuya. Abin da aka saka don kare mutum shi ya koma yana yi masa illa.

5/ Sai wani Bafaranshe masanin haɗa sinadarai, Édouard Bénédictus. Labarin da ake bayarwa shi ne a 1903 wata kwalba ta suɓuce masa ta faɗi, ta tsattsage amma ba ta tarwatse ba, saboda wani sinadari mai danƙo da ya bushe a cikinta ya riƙe gutsattsarin. A 1909 ya yi rajistar fasahar: gilashi biyu, a tsakaninsu a shimfiɗa wani abu kamar leda a manne su. Sunan kayan Triplex, wato mai hawa uku. Ku riƙe sunan nan, zai dawo mana a Ibadan.

6/ A shekarar 1903 ɗin dai wata Ba'amurkiya, Mary Anderson, ta yi rajistar waifa, irin wadda ake juyawa da hannu daga cikin mota. Wannan tsaraba ce kawai, mu ci gaba.

7/ Masu ƙera mota ba su yi saurin karɓar gilashin Bénédictus ba, tsada gare shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fara samun kasuwa, a idanun takunkumin da sojoji ke sawa don gudun iska mai guba. Sai a 1927 kamfanin Ford ya fito da Model A da wannan gilashi a gabanta, ba tare da mai saye ya nema daban ba.

8/ Ledar farko tana da aibi: rana ta dake ta sai ta yi ɗorawa, gilashin ya dushe. A shekarun 1930 aka koma wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PVB, wanda ba ya canja launi. Har yau shi ne a tsakiyar gilashin gaban yawancin motocin da kuke hawa.

9/ Turai kuma ta bi wata hanya mai araha. Kamfanin Saint-Gobain na Faransa ya fito da gilashin da ya kira Securit a 1929. Shi falle ɗaya ne. Ana gasa shi har sama da digiri 600, sai a buso masa iska mai sanyi nan take. Bayansa ya ƙanƙame, cikinsa ya kasance a ɗame. Yana da ƙarfi ninkin gilashin taga sau da yawa, amma ranar da ya karaya gaba ɗaya yake rugujewa, ƙanana-ƙanana kamar tsakin masara.

10/ Shi ne har yanzu a ƙofofin yawancin motoci. Shi ya sa in ɓarawo ya fasa gilashin gefe za ka tarar da tsaki a kujera. Amma a shekarun 1960 da 1970 motocin Turai da yawa, har da Fijo na lokacin, da shi suke fitowa a GABA. Sai a 1983 Faransa ta wajabta mai leda a gaban sababbin motoci.

11/ Ku ɗan hango abin. Kana tafe da gudu tsakanin Yashe da Kankiya da fasinja cike, tirela ta gifta, tsakuwa ta taɓa gilashi. Cikin ƙiftawar ido gabanka ya koma fari fat, ba ka ganin ko bonet. Dabarar direbobin da ita ce ka naɗe hannu da tsumma ko hula ka naushi gilashin ka buɗe rami, ka samu ka gangara gefe. Sauran tafiyar kuma da iska da ƙura da ƙwari za a ƙarasa ta.

12/ Daga nan al'adar nan ta yaɗu, ta direba ya danna yatsa a jikin gilashi in babbar mota za ta wuce a hanya mai tsakuwa, wai yatsan zai shanye girgizar. Ni dai ban ga abin da ɗan yatsa zai yi wa dutsen da ya taho da gudu ba. Amma kar ku yi wa tsoho dariya in kun ga ya yi, ya san abin da ya gani.

13/ Yanzu motar kanta. Fijo 404 ta fito a 1960, shekarar 'yancin kanmu. Ta yi suna a Afirka bayan ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, a hanyoyin laka da duwatsu. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana bodinta, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, ita ma ta ci Safari a 1975.

14/ Kuɗin fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa ma'aikata neman mota ido rufe. An kafa kamfanin PAN a 1972, kuma a 1975, zamanin Janar Gowon, aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. A shekarar ce kuma Volkswagen ta fara nata a Legas.

15/ Wani abu da ba kowa ya sani ba: tashar jiragen ruwan Legas ta toshe a lokacin, jiragen siminti ɗaruruwa suna layi wata da watanni. Don haka kayan haɗa Fijo ta SAMA suke zuwa. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA su taso daga Liyon a Faransa su sauka a Kano, a loda wa manyan motoci zuwa Kaduna. Mota sukutum a wargaje cikin akwatuna, a jirgin sama. Kuɗi masu gidan rana.

16/ Bayan kisan Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'ai. Da gwamnati ta hau, kowa ya hau. Salun ta ma'aikaci, wagon mai layin kujeru uku ta tasha, a-kori-kura ta buhuna da awaki. A lokacin, ko ka tsallaka Jibiya zuwa Maraɗi ma ita ce sarauniyar tasha.

17/ Ga inda zaren ya fi yi mini ciwo. Ba inji da bodi kawai ake haɗawa a nan ba. Taya akwai Dunlop a Legas da Michelin a Fatakwal. Batir akwai Exide a Ibadan. Gilashin gaba kuma kamfanoni biyu ne a Ibadan, Isoglass da TSG. Harafin T ɗin nan na TSG shi ne Triplex, sunan da Bénédictus ya raɗa. Wato direban Yashe in tsakuwa ta yi masa ɓarna, akwai sabon gilashi ɗan gida daidai motarsa.

18/ To yaya ake saka shi? Gilashin 404 da 504 ba a manne yake da gam ba. Wata roba ce mai kauri ta zagaye shi, tana da kwari biyu: ɗaya ya cije bakin gilashi, ɗaya ya cije leɓen ƙarfen bodi. Wasu suna da na uku a waje, inda farin ƙarfen kwalliya yake shiga. Robar ce kaɗai ke riƙe da komai. Haka Bitil take, haka tsofaffin Marsandi.

19/ Cirewa. A kwance waifa, a shimfiɗa bargo ko tabarma a bonet. Sai a yanke shawara: me ake son tsira da shi, gilashin ko robar? In gilashin lafiyayye ne, misali tsatsa za a gyara ko fenti za a yi, gwani ba ya jayayya da tsohuwar roba. Wuƙa yake sawa ya yanke leɓenta zagaye, gilashin ya taso salin-alin. Roba tana da sauƙin samu a kan gilashin asali.

20/ In kuma dole sai an mayar da robar, mutum ɗaya ya shiga ciki yana ɓamɓaro leɓenta daga kusurwar sama da wani abu marar kaifi, yana turawa da tafin hannu. Wasu kishingiɗa suke yi a kujera su tura da tafin ƙafa, ba takalmi. Na waje yana tare. A nan gilashi mai leda yake yawan tsagewa, don ba ya son a matsa masa a wuri guda. Gasasshe ya fi jure turi, amma sukudireba ta taɓa gefensa, shi ke nan, sai tsintsiya.

21/ Da gilashi ya fita sai asirin mota ya tonu. Ruwan damina na shekara talatin yana kwanciya a ƙarƙashin roba, musamman kusurwoyin ƙasa biyu. Za ka tarar da tsatsa, wani lokaci har rami. Mai gaggawa zai share da tsumma ya mayar. Mai tsoron Allah zai kankare har ƙarfe ya fito fari, mai walda ya toshe ramin, a goge tudun waldar, a yi fenti, a bari ya bushe. Tudu ɗaya da aka bari a leɓen nan ya isa ya tsaga sabon gilashi a ramin farko da aka faɗa.

22/ Mayarwa, kuma nan ne daɗin aikin. A ɗora gilashi a kan tebur mai shimfiɗa ko tsohuwar taya. A sanya masa roba zagaye. In lokacin hunturu ne roba ta sandare, a shanya ta a rana ta yi laushi tukuna. In akwai farin ƙarfen kwalliya irin mai shiga cikin roba, yanzu ake cusa shi. Ka bari sai gilashi ya hau mota, roba ta matse, ba zai shiga ba sai ka lanƙwasa shi.

23/ Sai igiya. Siririya mai ƙwari, kaurinta bai kai fensir ba, irin ta shanya ma tana yi in mai santsi ce. A cusa ta cikin kwarin da zai ciji bodi, a zagaye gilashin kaf, bakunan biyu su gitta juna a tsakiyar ƙasa, a bar jela mai tsawo da za a kama. A shafe roba da leɓen bodi da ruwan sabulu.

24/ Ruwan sabulu fa na ce. Ban da baƙin mai, ban da giris. Man inji cin roba yake yi, ta kumbura ta ruɓe, kuma santsinsa ba ya tafiya. Sabulu kuwa ya gama aikinsa ya bushe, roba ta kama.

25/ Mutum biyu su ɗauki gilashin su ɗora a gurbinsa daga waje, jelar igiya tana lilo a kan dashbod. A daidaita tsakiya sosai, don in an fara ba gyara. Na ciki ya fara jan baki ɗaya a hankali zuwa tsakiyar gilashi. Igiyar tana fita tana ɗago leɓen roba tana tsallakar da shi kan ƙarfe. Na waje yana bin sa da tafin hannu a shimfiɗe, yana dannawa daidai inda igiya take.

26/ Kaɗan ta dama, kaɗan ta hagu, kar ɓangare ɗaya ya tsere wa ɗaya. Kusurwa ita ce jarrabawa: a nan ake rage sauri, a riƙa juya igiyar kamar ana tuƙa tuwo, in ba haka ba ta yaga roba. In leɓe ya kuɓuce bai hau ba, ba a tura shi da ƙarfi. A cire gilashi, a sake zura igiya, a faro daga farko. Sauri ya haifi nawa.

27/ Igiya ta fita a tsakiyar sama, a bi gilashin da ɗan mari da tafin hannu ya zauna. Wasu su zura gam marar daskarewa tsakanin roba da bodi don ruwa. Sai gwaji: ɗaya ya zauna ciki, ɗaya ya kwarara bokitin ruwa. Ba injin komai, ba lantarki. A gindin bishiyar darbejiya ma ana yi, shi ya sa motar ta dace da mu.

28/ Tsofaffin Landiroba ma sun fi sauƙi, gilashinsu shimfiɗaɗɗe ne falle biyu. Mai yankan gilashi zai iya yanko shi daga babban falle mai leda: ya ja layi ta sama, ya ja ta ƙasa, ya karya, ya ɗumama ledar tsakiya ta saki, ya yanke ta da reza. Gasasshe kuwa ba ya yankuwa ko kaɗan. Na Fijo lanƙwasasshe ne, sai masana'anta mai tanda da ma'auninsa. Shi ya sa rufewar masana'anta ta fi yi masa illa.

29/ Abin da ya biyo baya kun san shi. Farashin fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo SAP, naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Motocin Beljiyam da na Kwatano suka cika tasha. Masu yi wa PAN kayan haɗi kasuwarsu ta tsuke. Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi baya a 2008.

30/ Ita 504 an daina ƙera salun ɗinta a Faransa tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Kenan mu muka raka ta har ƙarshe. Yau mai neman gilashinta sai ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya samo wanda aka ciro daga wata da ta mutu, ko sabo ɗan waje in an dace.

31/ Motocin yanzu kuwa wani karatu ne. Gilashinsu manne yake a bodi da wani baƙin gam mai ƙarfi, kuma ya zama ɓangaren ƙashin mota. Yana taimaka wa rufi kar ya lotse in mota ta wuntsila. A motoci da yawa jakar iskar mai zaman gaba a jikinsa take dogara in ta fashe. Cire shi sai da waya, ana ja ana yanka gam ɗin kamar zarto.

32/ A nan haɗarin yake. Wanda ya saba da aikin roba, ko yaron da bai koyi ko ɗaya ba, sai ya manna maka gilashin Golf ko Sharon da gam ɗin tagar gida, ya ce ka tafi. Ba ya zubar ruwa, sai ka ce aiki ya yi. Ranar karo ne gilashin zai fice gaba ɗaya, na gaba ya bi shi. Ko gam ɗin kirki ma yana son a ba shi lokacin da aka rubuta a jikinsa kafin a hau hanya.

33/ Masu tsohuwar Fijo ma ba su tsira ba. Za ka ga an ɗaure tsagagge da salatif, ko an maye gurbinsa da farar roba mai kauri wadda waifa ke karcewa, da dare fitilar mai tahowa ta watsu a kai direba ya makance. Wannan ba lamarin gudun tarar 'yan Road Safety ba ne kawai. An kafa hukumar tun 1988, amma ba ita ke zaune a kujerar gaba da jariri a cinya ba.

34/ In za ku sayi gilashin gaba, na tsohuwar mota ko sabuwa, ku duba tambarin da ke kusurwar ƙasa. Ku nemi kalmar Laminated, ita ce mai leda. Tempered ko Toughened shi ne gasasshe, na gefe da baya. Harafin E cikin da'ira da lamba yana nuna ƙasar da ta tantance shi: E1 Jamus, E2 Faransa, E11 Ingila. Na tsarin Amurka za ku ga AS1. Wanda ba tambari ko ɗaya, a bar wa mai shago kayansa.

35/ Na gwanjo kuma a ɗaga shi a rana a duba. In gefensa ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga tsakanin gilashi da leda, sun fara rabuwa. In fuskarsa ta yi ƙananan ramuka kamar an watsa yashi, harmatan da ƙurar hanya sun cinye shi, da hantsi da la'asar ba za ka ga gabanka ba. A shafa gefuna da yatsa a hankali: ɗan ɓalli ɗaya a baki shi ne mafarin tsaga.

36/ Ga masu 504 ɗin baba a ajiye a gareji ko ƙofar gida, wadda ake cewa wata rana za a tayar: robar gilashin ku fara dubawa kafin damina. In ta tsattsage, ruwa yana bin bayan dashbod yana sauka a ƙasan mota, yana cin wayoyi da ƙarfe a ɓoye. In har ba za a canja ta bana ba, a rufe gaban da tamfol. In kuma za a canja, a nemi dattijon da ya yi aikin igiya da hannunsa, a tura yaro ɗaya ya riƙe masa ta waje ya gani.